Ƙashi Ya Kama, Hannu Bai Koma Aiki Ba

(Jawabin da malamin lakkwal na garinmu ya yi a taron ƙungiya na shekara, a nan Maraɗi, kwana uku bayan Babbar Salla. Mun buga shi yadda ya faɗa, domin ƴan'uwa da ke nesa waɗanda ba su samu zuwa ba.)



Ranka ya daɗe maigari, Allah gafarta malam liman, iyayena dattawa, iyayena mata, yayyena da ƙannena da suka zo daga Yamai da Agadas da Kano da Ikko, da mu da muke zaune gida, ina gaishe ku, ina yi muku barka da salla. Allah ya maimaita mana.

Shugaban ƙungiya ya ba ni lokaci in yi bayani a kan rufin aji biyu da iska ta yaye. Wannan magana tana rubuce, na ba magatakarda, zai karanta muku bayan la'asar. Na roƙi izini in yi wata magana dabam, aka ba ni. Yaro ne ni a cikinku, da yawa daga cikinku sun ga ranar sunana, saboda haka in na yi kuskure a gyara mini. Maganar hannu ce zan yi, wanga hannu da muke riƙe hauya da taɓarya da alƙalami da shi.

Bara, lokacin mangwaro, wani yaro na ajina, ɗan shekara tara, ya bi yayyensa lambu wajen Jiratawa, ya hau icce, reshe ya karye da shi. Ba zan faɗi sunansa ba. Waɗanda suka sani sun sani, kuma mahaifinsa yana nan zaune, shi ya yarda in ba da labarin. Hannun dama ya karye, dab da gwiwar hannu daga sama. Aka kai shi wurin mai ɗori kamar yadda kowa zai yi, aka jera kara, aka ɗaure da ƙyalle tam. Daren nan yaro bai runtsa ba, yana ta kuka yana cewa hannunsa wuta. Aka ce masa ya yi haƙuri, ɗori ne ke kamawa. Sai da aka kwana uku aka sassauta, aka tarar yatsu sun kumbura, fata ta yi ƙuraje masu ruwa. Ƙashi kuwa ya kama, ba a yi ƙarya ba. Bayan wata biyu ya dawo lakkwal.

To, a nan nawa laifin yake. Na ga yana rubutu da hagu, rubutun kuma kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Na ce ya mayar da alli hannun dama. Ya mayar, allin ya faɗi. Na ɗauka wasa ne, na daka masa tsawa gaban ƴan'uwansa. Da aka tashi sai na kira shi, na kama hannun na duba. Wuyan hannu ya lanƙwashe ciki, yatsu huɗu sun naɗe cikin tafi kamar ƙafar shaho, in ka ja su ba su miƙewa sai ka ƙara lanƙwasa wuyan hannun. Na yi shekara uku ina koyar da darasin jikin mutum, ina zana ƙashi a allo, ban taɓa sanin hannu na iya mutuwa alhali ƙashinsa lafiya lau ba. A makarantar horon malamai an koya mana yadda yaro zai riƙe alƙalami, ba a koya mana abin da za mu yi da yaron da ba ya iya riƙewa ba.

Muka ɗauke shi ni da mahaifinsa muka tafi gidan likita. Lokotoro ya duba, ya sa aka ɗauki hoto, ya ce ƙashi ba shi da magana. Abin da ya faru shi ne, wurin karaya yakan kumbura, ɗauri kuwa ya hana kumburin wurin zuwa, sai jini ya kasa kai wa tsokar da ke tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Tsokar da ta rasa jini awa shida zuwa takwas ta fara mutuwa ke nan, in ta mutu kuma sai ta ƙanƙance ta ja yatsu ciki. Ya ce abin sananne ne, wani likita Bajamushe mai suna Volkmann ya bayyana shi tun 1881, har sunansa ake kiran ciwon da shi. Kukan da yaron ya yi a daren farko, shi ne hannun ke neman a cece shi. Sa'an nan ya rubuta takarda ya ce mu je ɗakin da ke can ƙarshen baranda.

Wannan ɗakin da matar da muka tarar cikinsa su ne dalilin tsayuwata gabanku.

Ni dai na zaci za mu ga allura da ƙwayoyi. Abin da muka gani tebur ne, da tukunyar ruwan zafi, da almakashi, da yumɓu, da ƙwarya cike da wake, da wata cike da gujiya, da igiyoyi, da tsofaffin riguna masu maɓalli, da cokula da aka naɗe ma ƙota da robar tayar keke. Mahaifin yaron ya dube ni, na dube shi. Matar ta gaishe mu, ta zaunar da yaron, ba ta tambaye shi ina ke ciwo ba. Ta ce: “Tun daga safe har dare, me da me kake yi da hannun nan?” Yaro ya yi shiru don kunya. Ta bi shi sannu: wa ke ɗaure maka zariya? Da wane hannu kake cin tuwo? Kana kiwo? Kana jan guga? Duk abin da ya faɗa ta rubuta. Da ya ce abin da ya fi damunsa shi ne ba ya iya harbi da ɗanko, muka yi dariya, ita ba ta yi ba, ta rubuta shi ma.

Sunan aikinta da Faransanci ergoterapi, watau magani ta hanyar aiki. Da yawanku kun san kine, mai motsa gaɓoɓi da tausa bayan karaya ko shanyewar jiki. Aikin nasu ɗan'uwan juna ne, amma shi kine gaɓar yake dubawa, ta miƙe, ta yi ƙarfi. Ita kuwa wannan abin da take nema shi ne mutum ya koma ga abin da yake yi kullum: mace ta tuƙa tuwo, tela ya zura zare a allura, dattijo ya yi alwala ba a riƙe masa buta ba. In hannu zai gyaru ta gyara shi. In ba zai gyaru duka ba sai ta gyara kayan aikin su dace da hannun. Wannan sana'a ta ƙarfafa ne bayan yaƙin duniya na farko, na 1914 zuwa 1918, da sojoji suka koma gida da hannuwa a lalace, aka ga ɗinke rauni kawai bai mayar da mutum ga cin abincinsa. A Amurka masu aikin sun kafa ƙungiyarsu a 1917, ta duniya ta zo a 1952, Faransa kuma ta fara ba da difloma ta gwamnati a kansa a 1970. A ƙasarmu masu wannan difloma ba su da yawa, a wurare da dama kine ne ko wani majo da ya samu horo ke riƙe da aikin.

Bari in gaya muku abin da na gani tana yi, domin mun yi ta komawa. Ta fara da awo. Ta ɗauko wani abu kamar ma'aunin kusurwa da nake koya ma ƴan CM2 da shi, ta auna kowace gaɓa ta kowane yatsa, iyakar inda take miƙewa da inda take lanƙwashewa, ta rubuta lamba. Ta sa yaron ya rufe ido, tana taɓa tafin hannunsa da bakin biro, yana nuna inda ya ji. Sa'an nan ta yanko wani falle kamar roba, ta tsoma a ruwan zafi ya yi laushi, ta shimfiɗa shi a hannun yaron, ta miƙe yatsun daidai inda za su iya jurewa, abin ya huce ya sandare da siffar hannun. Shi suke ce ma atel. Da shi zai kwana kullum. Bayan sati biyu mu dawo, ta sake tsoma shi a ruwan zafi, ta ƙara miƙe shi kaɗan. Ta ce tsokar da ta ƙanƙance ba a fizgarta da ƙarfi, in aka fizga sai ta yage ta ƙara tabo. Ja kaɗan ne, na dogon lokaci, kamar yadda mai lambu ke ɗaure reshe ya bi inda yake so. In wannan roba ta ƙare mata, da farar ƙasar palatir take yi, ko da guntun bututun roba na ruwa da ta gasa a wuta.

Da rana kuma aiki ta ba shi. Ya murza yumɓu ya yi shanu da raƙuma. Ya tsinci wake ɗaya ɗaya daga ƙwarya zuwa ƙwarya. Ya ɓare gujiya. Ya ɓalla maɓalli ya kwance. Sau biyar a rana, ba a fashi. Ta naɗa ma alƙalaminsa ƙyalle ya yi kauri kamar rake, domin yatsun da ba su haɗuwa su iya kama shi. Ni ta ba ni nawa aikin: in zaunar da shi a gefen tebur inda gwiwar hannunsa ba za ta gogi ta wani ba, in bar shi ya yi rubutu da hagu, amma hannun dama shi ne zai danne allo, kada ya ɓoye shi cikin riga. Ta ce hannun da aka ɓoye mantawa da shi ake yi, har shi mai hannun.

Wata rana na tambaye ta me ya sa hannu ke da wuyar sha'ani haka. Ta ce ƙashi 27 ne a cikinsa: takwas a wuyan hannu, biyar a tafi, goma sha huɗu a yatsu. Kuma mu Hausawa kalma guda muke da ita, jijiya, muna kiran abu uku da ita. Akwai wadda jini ke gudu cikinta. Akwai wadda take kamar ragama, ta taso daga tsoka ta bi ta wuyan hannu ta kama yatsa, in tsoka ta ja yatsa ya lanƙwashe. Akwai kuma ta uku, fara, mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da hannu, da ita muke jin zafi da sanyi, da ita muke ba yatsa umurni. Manyan irin wannan guda uku ne a hannu. Wadda kake ji kamar lantarki in ka buge gwiwar hannu, ɗaya ce daga cikinsu, ita ke kula da ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi. Mutum zai yanke da lauje ko kwalba a wuyan hannu, a ɗinke fata, ciwo ya warke cikin kwana goma, amma ragamar ko jijiyar saƙon tana nan a tsinke a ciki. In an gane da wuri aka ɗinke ragamar, sai ta yi kamar sati shida cikin atel, ba ta kai ƙarfin ɗaukar kaya sai wata uku. Jijiyar saƙo kuwa tsirowa take, kamar milimita ɗaya a rana, watau santimita uku a wata. Ku auna daga wuyan hannunku zuwa kan yatsa, ku lissafa watannin da kanku. Mai gaggawa ba ya gama wannan jinya, shi ya sa da yawa ke bari a tsakiya.

Da muke jiran layi na ga irin mutanen da ke zuwa wurinta, kuma duk irin namu ne. Na ga matashi da injin niƙa ya ci ma yatsu biyu. Na ga ɗan kabu-kabu da ya faɗi a kan kafaɗa, hannu ya saki yana reto. Na ga mace da ɗan karkare ya ci ma babban yatsa, ta yi wata guda tana tura shi cikin lemun tsami kafin ta zo. Amma waɗanda suka fi yawa yara ne ƙanana masu ƙuna. Kun san lokacin ɗari, an hura wuta tsakar gida ana jin ɗumi, mai rarrafe ya dafa garwashi, ko ya tsoma hannu cikin kunu. Ta ce abin da za a yi nan take shi ne a yi ta zuba ruwa mai tsabta, mai sanyi, minti ashirin. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da tawada, ban da kashin shanu. Kuma kada a naɗe yatsu wuri guda a dunƙule, domin fatar da ta ƙone in ta haɗu da ƴar'uwarta mannewa take, hannu ya warke kamar dunƙulen fura. A gidan likita yatsa ɗaya ɗaya ake naɗewa, a miƙe su a kan atel, babban yatsa a ware. Tabon ƙuna yana ci gaba da ja har shekara ɗaya ko ɗaya da rabi bayan ciwo ya rufe, saboda haka duk wannan lokaci ana murza shi da man kaɗe ana miƙewa. Wanda ya riga ya manne sai an yi aiki an raba. Akwai asibitin yara na CURE a Yamai, da aka buɗe a 2010, suna irin wannan aiki, akwai kuma asibitin Galmi, can gaba da Madawa, wanda yake tun 1950. To amma ko an raba, in ba a bi da atel da motsi ba, komawa yake.

Iyayena dattawa, akwai wanda ya shafe ku kai tsaye, watau shanyewar ɓarin jiki da hawan jini ke kawowa. Mukan ce iska ce ta buge mutum, mu kwantar da shi a ɗaki, mu yi masa komai. Abu biyu na koya. Na ɗaya, kada a ɗaga shi ta hanyar jan hannun da ya shanye, domin kafaɗar ba ta da mai riƙe ta, gocewa take, ciwon kuma ya zauna. Na biyu, watanni uku zuwa shida na farko su ne lokacin da hannu ya fi saurin dawowa, in ana sa shi aiki. Tausayin da ke sa mu ba baba abinci a baki alhali yana iya kai cokali da kansa, ko da rabi na zubewa, wannan tausayin yana cutarsa.

Yanzu zan taɓa maganar da ba a son yi a taro. Duk wanda ya bi hanyar Ɗan Isa ya wuce Danja, kuma tun muna yara in an ce Danja mun san abin da ake nufi. Mishan ta SIM ce ta kafa wurin a shekarun 1950 domin masu kuturta. Yau ana duba kowane irin ciwo a can, har an buɗe ɓangaren mata masu yoyon fitsari a 2012, amma sunan farko bai bar bakin mutane ba, har wani ya gwammace ya ɓoye ciwonsa da a gan shi ya sauka mota a wurin. To ku saurara. Kuturta ƙwayar cuta ce, wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano ta a 1873. Ba gado ba ce, ba cin kifi da nono ke kawo ta ba. Mafi yawan mutane, fiye da casa'in cikin ɗari, jikinsu ba ya kamuwa da ita ko sun zauna da mai ita. Tun 1981 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta tsayar da haɗin magunguna da ke kashe ta cikin wata shida ko wata goma sha biyu, tun 1995 kuma kyauta ake ba da shi. Wanda ya fara shan magani ya daina yaɗa ta.

Abin da ya haɗa ta da maganarmu shi ne, kuturta ba ta cin yatsu kamar yadda muke faɗa. Jijiyar saƙon nan take kashewa. Hannu ya daina jin zafi, ya daina zufa, fata ta bushe ta tsage. Mace ta ɗauki tukunya daga murhu ba ta san ta ƙone ba, manomi ya yini da hauya ƙota ta ci masa tafi bai ji ba, ciwo ya ruɓe ya kai ga ƙashi, yatsa ya gajarce kaɗan kaɗan. Wani likita Baturen Ingila, Paul Brand, da ya yi aiki a Vellore ta ƙasar Indiya tun ƙarshen shekarun 1940, shi ya nuna haka, shi ne kuma ya shahara da aikin kautar da ragamar tsoka mai rai zuwa yatsun da suka naɗe domin su sake buɗewa. Abin da ake koya ma mai irin wannan hannu ba shi da tsada: kowace rana ya jiƙa hannu a ruwa kamar minti ashirin, ya goge kanta da dutse, ya shafa mai tun hannun na da danshi, ya miƙe yatsu, ya duba ko'ina da ido tunda jiki ya daina gaya masa. A naɗe ƙotar hauya da ƙyalle, a riƙe tukunya da tsumma mai kauri. Wanda ya ga wani farin tabo ko ja-ja a jikinsa wanda ba ya ƙaiƙayi, in an taɓa ba ya ji, ko ƙaramin yatsansa ya fara mutuwa, ya tafi a duba shi cikin satin nan. Jijiyar da ba ta wuce wata shida da fara lalacewa ba, sau da yawa ana iya ceto ta da magani.

Na koma ga yarona. Wata bakwai muka yi muna zuwa, farko kowane sati biyu, daga baya wata wata. Ba zan yi muku ƙarya ba, hannun bai koma yadda Allah ya halicce shi ba. Wuyan hannu ya miƙe, babban yatsa da manuni da na tsakiya suna buɗewa suna kamawa, sauran biyun suna nan a lanƙwashe, kuma lokotoro ya ce za a duba maganar aiki nan gaba. Yana ɗaure zariyarsa, yana cin tuwo da dama, yana riƙe igiyar akuya. Rubutu ya zauna a hagu, ya kuma yi kyau, ya fi na wasu masu hannu biyu. Ɗankon ma ya koma harbi, har an kawo mini ƙararsa daga wani gida a kan tantabara.

Amma sau biyu muka yi fashin zuwa, sau ɗaya har sati biyar, lokacin shuka, babu kuɗin mota, babu mai raka shi. Da muka koma ta auna, lambar ta koma baya, abin da aka samu cikin wata biyu ya zube. Ba ta yi faɗa ba. Ta buɗe littafinta ta nuna mini sunaye, shafi bayan shafi, na waɗanda suka zo sau ɗaya ko sau biyu ba su sake dawowa ba, daga Tsibiri, daga Madarunfa, daga ƙauyukan gulbi. Ta ce abin da ya fi yi mata ciwo a aikinta shi ne ta yanke atel da hannunta, ta san zai yi amfani, ta kuma san mai shi ba zai dawo a gyara masa ba. Ta ce ita awa ɗaya take ganin hannu cikin sati biyu, sauran awoyin duka a gidajenmu yake.

Saboda haka ina da roƙo.

Ga masu ɗori, da iyayenmu da ke kai musu yara. Ban zo in ci mutuncin kowa ba, sana'ar gado ce, ni kaina an yi mini ɗori a ƙafa ina yaro, ga ni tsaye. Abin da nake roƙo shi ne a bar kan yatsu a waje ana gani. In ciwo na ƙaruwa maimakon raguwa, in an miƙe yatsa yaro ya yi ƙara, in yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, sun canza launi ko sun mutu, a kwance a daren nan, a nemi mota, kada a jira mai ɗori ya dawo daga kasuwa. Karayar da ke kusa da gwiwar hannun yaro, da wadda ƙashi ya huda fata, waɗannan a wuce da su gidan likita kai tsaye.

Ga dattawa kuma, maganar hagu. Na sani tarbiyyarmu ce, ba a ba babba abu da hagu, ba a ci da hagu, kuma ni ma haka nake koya ma yara. Amma yaron nan sau uku ana mayar masa da saƙo a garinmu don ya miƙa da hagu, har ya daina yarda a aike shi. Allah gafarta malam yana nan, na tambaye shi kafin in tsaya, ya ce mai lalura ba a ɗora masa abin da ba ya iyawa, ya kuma yarda zai yi bayani da kansa ranar Juma'a. A duba hannun yaro kafin a tsawata masa. Ni na tsawata ban duba ba.

Ga ku ƴan bida, masu aiko da kuɗi ta salula. In aka ce wane ya karye ko ya ƙone, kuna aikowa ranar farko, Allah ya saka da alheri. Amma kuɗin na ƙarewa cikin sati, jinyar hannu kuwa wata uku ce zuwa shekara. Shawarata a ware wani abu cikin asusun ƙungiya, ko dala ashirin ce a kan kowane mutum kowane wata, wanda ba za a taɓa shi don biki ko ta'aziyya ba, sai kuɗin motar komawa gidan likita ga mai jinyar hannu ko ƙafa da mai raka shi. A ba mutum biyu riƙonsa, namiji da mace, a rubuta kowace tafiya da ranarta. Kuma in kun kira gida, bayan kun tambayi ya jiki, ku tambaya yana sa atel da dare, yaushe ne ranar komawa. Ku da ke aikin gini da injuna a can, hannuwanku ma suna cikin maganar, biyu daga cikinku na gani da yatsa a naɗe tun da na shigo.

Ƙannena da suka samu bak suna neman abin da za su karanta, kowa likita ko ɗan duwan yake so ya zama. Ku tambayi karatun kine da na wannan sana'a. Matar nan da taimakon mai fassara take jin wasu marasa lafiyarta, kuma ba ta san yadda ake riƙe kalme ko yadda ake dama fura ba sai da aka nuna mata. Wanda ya tashi cikinmu ya san waɗannan tun yana goye.

Na buɗe littafi a lakkwal. Duk gidan da ke da yaro ko babba mai hannu a naɗe, ko tabon ƙuna da ya ja yatsa, ko hannun da ya saki, ko na bara ne ko na shekara goma, a zo a rubuta, ranar Alhamis da yamma ina nan. Maganar tabon da ba ya ji kuwa, wanda ba ya son a sani ya same ni gida bayan isha'i, ba za ta shiga littafi ba. Na riga na rubuta mutum shida. In ƙungiya ta amince da maganar asusun yau, tafiyar farko sai mu sa ta ranar Litinin ta sama, tunda ranar kasuwar Maraɗi ce, mota ba ta wuya.